Gidan Zuhudu na Santa Katarina da Tarihin Masu Ziyararsa

Gidan zuhudu na Santa Katarina yana kudancin zirin Sina'i a ƙasar Masar, cikin wani matsattsen kwari a gindin dutsen da Larabawa ke kira Jabal Musa. Kwarin kansa ya ɗara mita 1,500 a kan matakin teku, ƙololuwar Jabal Musa ta kai mita 2,285, kuma kudu da ita kaɗan akwai Jabal Katrin, wanda ya zarce mita 2,600, dutsen da babu mai tsawonsa a duk Masar. Ƙasa ce ta jan dutse mai tauri. Ruwan sama sai jefi-jefi, in kuwa ya zo yakan zo da ambaliya, da hunturu kuma ruwa kan daskare, dusar ƙanƙara ta rufe kawunan duwatsu. A nan ne wasu ruhubanawa Kiristoci, mabiya ɗariƙar Otodoks ta Girkawa, suke zaune cikin ganuwa ɗaya tun tsakiyar ƙarni na 6 miladiyya. Gidajen zuhudu kaɗan ne a duniya za su ja da shi wajen daɗewa, kuma tun kafuwarsa bai rabu da baƙi ba.

Abin da ya jawo mutane wurin shi ne labarin Annabi Musa (AS). Attaura ta ba da labarin kurmin da ya gani yana cin wuta bai ƙone ba, da umarnin da aka yi masa ya tuɓe takalmansa, da hawansa dutse ya karɓo dokoki. Alƙur'ani ma ya kawo kiran da aka yi masa a tsarkakken kwarin Ɗuwa, ya ambaci dutsen Ɗur a wurare da dama, har akwai sura mai sunansa. Masana ba su haɗu a kan wane dutse ne ainihin wurin ba. Akwai masu nuna Jabal Sirbal da ke kusa da kwarin Firan, akwai masu kai shi arewacin Hijaz. Amma tun ƙarni na 4 al'adar masu ibada ta tsaya a kan Jabal Musa, kuma ita matafiya suka bi.

Masu zuhudu na farko sun iso ɗaiɗai ne, a ƙarshen ƙarni na 3 da farkon na 4, lokacin da hamadar Masar ta cika da mutanen da suka bar gari don su kaɗaita da ibada. Kowa da kogonsa da ɗan lambun da ya kewaye da duwatsu a inda ruwa ke tsattsafowa, ranar Lahadi su taru a wata 'yar majami'a kusa da kurmin. Al'adar gidan tana danganta wannan majami'a da Helena, mahaifiyar Sarkin Rum Kustantin, wajen shekara ta 330. Bayanin ziyara mafi tsufa da ya rage, wata mace ce ta rubuta shi, Egeriya, wadda ta taso daga yammacin Turai ta iso Sina'i a ƙarshen 383. Ta bi ta Kilisma, inda Suwez take a yau, ta ratsa Firan, ta hau dutsen da ƙafa don dabba ba ta iya hawansa, ta tarar da 'yar majami'a a ƙololuwa. Duk wurin da aka nuna mata sai a karanta sashen littafin da ya yi magana a kansa, a yi addu'a, sa'an nan a ci gaba, kuma ruhubanawa suka yi mata kyautar 'ya'yan itatuwan lambunansu. Abin lura a bayaninta shi ne ta tarar da komai a shirye: masu rakiya, sanannun wuraren tsayawa, da masauki. Ke nan tun kafin a haƙa harsashin ganuwa, karɓar baƙo ya riga ya zama aikin mazauna wurin.

Ganuwar aikin Sarki Justiniyan ce, wanda ya mulki Rum ta gabas daga Kustantiniya tsakanin 527 da 565. Rubutun da ke jikin katakon rufin babbar majami'ar ya ambaci sarkin yana raye, ya ambaci matarsa Tiyodora a matsayin marigayiya, ita kuwa ta rasu a 548. Da wannan aka gane an yi ginin tsakanin 548 da 565. Rubutun ya kuma adana sunan maginin, Istifanus mutumin Aila, garin da ake kira Aƙaba yanzu. Katakon nan na asali yana nan, haka ƙofofin majami'ar na itacen al'ul, haka babban zanen da aka jera da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi a saman bagade, wanda ke nuna Isa Almasihu cikin haske tsakanin Musa da Iliya. Ganuwar ta dutse ce, kusan murabba'i, kowane gefe tsakanin mita 75 da 90, kaurinta ya wuce mita biyu. Wanda ya san yaƙi zai ce an zaɓi mummunan wuri, domin gangaren dutse yana leƙa cikin gidan daga sama, maharbi zai iya sakin kibiya daga can. Sa'id bin Baɗriƙ, shugaban wani sashe na Kiristocin Iskandariya da ya rubuta tarihi da Larabci a ƙarni na 10, ya ruwaito cewa wakilin sarki ya ƙi yin gini a ƙololuwa saboda babu ruwa, ya gina inda kurmi da rijiya suke, sarki ya fusata ya sa aka kashe shi. Ko kisan ya faru ko bai faru ba, wakilin ne ke da gaskiya, don rijiyar da ya gina a kanta ita ta riƙe gidan.

Shi wannan marubuci ya ce sarkin ya aiko da mutum ɗari daga ƙasar Rum da ɗari daga Masar, tare da iyalansu, su zauna kusa su tsare gidan su yi masa hidima. Ƙabilar Jabaliyya, wadda ke zaune a kewayen har yau, tana ɗaukar kanta zuriyar waɗannan mutane. Sun musulunta cikin ƙarnukan da suka biyo bayan zuwan Musulunci, harshensu da al'adarsu suka zama na Larabawan daji, amma ba su bar aikin ba. Su ke gasa gurasa, su ke ban ruwa a lambu, su ke da raƙuma, su ke raka baƙo kan dutse. Ruhubanawa kuma sun daɗe suna sauko wa Larabawan yankin da gurasa daga kan ganuwa, suna ƙulla yarjejeniya da ƙabilu a kan wa ke da haƙƙin ɗaukar kaya da baƙi daga Suwez ko daga tashar Ɗur. Zaman bai rasa gardama ba. Akwai lokutan da rikici ya yi tsanani har ruhubanawa suka koma reshensu na Ɗur ko na Alƙahira na ɗan lokaci. Duk da haka ba a taɓa rushe gidan ba, kuma maƙwabtakar nan ta fi kaurin ganuwa tasiri a wannan.

Musulmi sun ci Masar tsakanin 639 da 642, Sina'i ta fita daga hannun Rumawa, Kiristocin yankin suka yi ta raguwa. Ruhubanawa sun dogara da wata takardar amana, Ahdnama, wadda suka ce Annabi Muhammadu (SAW) ya ba su, Sayyidina Ali ya rubuta, tana ɗauke da siffar tafin hannu a matsayin hatimi. Tana tabbatar musu da tsaron rai da dukiya da wurin ibada, tana sauke musu haraji. Bisa ruwayar gidan, Sarkin Turkawa Salim na ɗaya ya tafi da ta asalin Santambul bayan ya ci Masar a 1517, ya bar musu kwafi. Masana tarihi da yawa suna shakkar komawar takardar zuwa zamanin Annabi, suna ganin daga baya aka tsara ta. Abin da babu shakka a kansa shi ne sarakunan Musulmi sun yi aiki da abin da ta ƙunsa. A ɗakin ajiyar gidan akwai ɗaruruwan takardun umarni na Larabci da Turkanci daga Faɗimiyyawa, Ayyubawa, Mamlukawa da Turkawan Usmaniyya, suna sabunta kariya, suna hana gwamnoni da ƙabilu taɓa ayarin gidan ko gonakinsa na dabino. Mai binciken yadda aka yi mulki a Masar a waɗancan ƙarnuka, ko bai damu da zuhudu ba, sai ya bi ta kansu.

A cikin ganuwar, daura da babbar majami'a, akwai masallaci. Wani tsohon gini ne aka mayar, kuma mumbarinsa na katako yana ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1106, zamanin halifan Faɗimiyya al-Amir. Ana yawan gaya wa baƙi cewa an gina shi cikin gaggawa ne don kauce wa fushin Halifa al-Hakim, wanda ya rushe majami'ar Kabari Mai Tsarki a Ƙudus a 1009, amma tsakanin wancan da tarihin mumbarin kusan shekara ɗari ce. Ya fi kusa da hankali a ce masallacin na Musulmin da ke aiki a gidan ne da matafiya masu ziyarar wurin Annabi Musa. Hasumiyarsa tana tsaye gab da hasumiyar ƙararrawa da aka gina a 1871, wadda Sarkin Rasha ya ba ta ƙararrawa tara. Babbar hanyar mahajjatan Masar, wadda alhazan Afirka ta Yamma da suka biyo ta Alƙahira kan shiga ayarinta, ba ta nan take bi ba, tana ratsa tsakiyar Sina'i ta Nakhl zuwa Aƙaba, can arewa. Wanda ya zaɓi jirgin ruwa daga Ɗur zuwa Jidda ne kawai yake da tafiyar 'yan kwanaki tsakaninsa da dutsen.

Fita daga hannun Rumawa ta zo wa gidan da wata riba. Daga wajen 726 zuwa 843 sarakunan Kustantiniya sun yi ta yaƙi da hotunan ibada, aka farfasa ko aka ƙone mafi yawan na daularsu. Umarnin bai yi aiki a Sina'i ba, tunda tana ƙarƙashin halifofi. Shi ya sa a nan ake samun mafi yawan allunan ibada da suka girmi wancan zamani, ciki har da sanannen hoton Almasihu na ƙarni na 6 da aka zana da launi cikin narkakken kakin zuma. Bushewar iska ta hana katako ruɓewa, kuma tarin ya haura alluna 2,000. A ƙarni na 7 ne kuma shugaban gidan, Yohanna, wanda ake wa laƙabi da Mai Tsani, ya rubuta littafinsa a kan hawan rai zuwa ga Allah mataki talatin, littafin da gidajen zuhudu na Otodoks ke karantawa har yau a lokacin azumi.

Sunan Katarina daga baya ya zo, don Justiniyan ya keɓe majami'ar ne ga Maryamu. Katarina budurwa ce ta Iskandariya da aka ce an kashe ta saboda addininta a farkon ƙarni na 4, ruwaya kuma ta ce mala'iku sun ɗauke gawarta zuwa ƙololuwar dutse mafi tsawo, inda ruhubanawa suka same ta bayan ƙarnuka. A farkon ƙarni na 11 wani ɗan gidan mai suna Simiyon ya tafi neman taimako wurin sarakunan Nomandi, wani ɓangare na ƙasusuwanta ya isa birnin Rouen a Faransa, sunanta ya bazu a Turai. Yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya suka ƙara buɗe wa Turawa hanyar gabas, gidan ya sami gonaki da rassa a tsibiran Karita da Kubrus da wasu wurare, kuma sannu a hankali sunan budurwar ya rinjayi na farko.

Ziyarar Turawa ta ƙarni na 14 da na 15 ita aka fi samun bayaninta. Mutum ya shiga jirgi a Benis, ya sauka Yafa, ya gama da Ƙudus, sa'an nan 'yan kaɗan masu kuɗi da ƙarfin hali su ƙulla yarjejeniya da tafinta da masu raƙuma zuwa Sina'i ta Gaza. Felix Fabri, wani malamin coci daga birnin Ulm na Jamus, ya yi wannan tafiya a watan Satumban 1483, ya kwashe kusan mako biyu a hamada kafin ya ga ganuwar. Guzurin su ne busasshiyar gurasa, salkunan ruwa, tukwane, har da kaji a keji. Baƙi kan jakuna, kaya kan raƙuma, kuma kusan kowace rijiya akwai mai neman kuɗin wucewa. In sun iso akwai ɗakin ibada da aka ware wa mabiya Roma, tunda ɗariƙarsu dabam take. A nuna musu akwatin ƙasusuwan Katarina, su tuɓe takalma su shiga ɗakin kurmi, su hau Jabal Musa, su sauka kwarin Arba'in, su hau Jabal Katrin. Da yawansu 'ya'yan sarauta ne, suka sassaƙa sunayensu da tambarin gidajensu a bangon ɗakin cin abinci, ana ganinsu har yanzu. Daga nan sai Alƙahira, sai Iskandariya, sai gida ga mai nisan kwana. Saurayin basaraken da ke cikin ayarin da Fabri ya bi, Johann na Solms, a Iskandariya ya rasu.

Hanyar da suka bi zuwa ƙololuwa ita ce matakalar dutse da ruhubanawa suka jera, wadda ake ƙiyasta matakanta 3,750, ake kiranta Matakalar Tuba. A kanta akwai wata ƙofar dutse inda ruhubani kan zauna ya saurari furcin zunubin mai hawa kafin ya bar shi ya wuce. Wanda aka fi tunawa da wannan aiki shi ne wani Istifanus na ƙarni na 6, wanda ƙwarangwal ɗinsa ke zaune sanye da tufafin zuhudu a ɗakin ƙasusuwa na lambun gidan. Ƙarancin ƙasa ne ya kawo wannan ɗaki. Kaburbura 'yan kaɗan ne, sai a binne mamaci, bayan shekaru a tono ƙasusuwan a jera su tare da na magabata, a ba wani wurin.

Bayan 1517 baƙin yammacin Turai suka ragu, saura Girkawa, Rashawa da Kiristocin Larabawa. A zamanin Turkawa ne aka toshe babbar ƙofa, ba a buɗe ta sai don shigar babban bishop, wanda shi ne shugaban gidan kuma shugaban cocin Sina'i mai cin gashin kanta, ko da yake a hannun shugaban cocin Ƙudus yake karɓar naɗi. Baƙo ya iso gindin bangon arewa ya yi kira, a sauko da igiya ya ɗaura takardar shaida daga reshen gidan na Alƙahira. In an karanta an gamsu sai a sauko da igiya mai kauri, mai madauki ko kwando, mutanen ciki su juya gungumen da take naɗe a jiki, a ja shi sama kamar guga daga rijiya, zuwa wata taga mai rumfar katako kimanin mita tara ko goma daga ƙasa. Ta nan hatsi da sauran kaya ke shiga. Wanda ba shi da takarda yana iya kwana a waje. Rumfar tana nan a jikin bangon, bangon da maginan Faransa suka sake ɗaga wani sashensa bisa umarnin Janar Kleber bayan ya rushe, a zamanin da Napoliyon, wanda ya shiga Masar a 1798, ya ba gidan takardar kariya irin ta sarakunan da suka gabace shi.

Ƙarni na 19 ya kawo baƙo iri dabam, mai littafin rubutu da ma'auni. Johann Ludwig Burckhardt ɗan Suwizalan ya zo a 1816, Edward Robinson Ba'amurke a 1838, mai zane David Roberts a 1839. Abbas Pasha, mai mulkin Masar, ya fara gina fada a kan wani dutse na kusa a 1853 saboda lafiyar iskar wurin, ya kuma sa aka fasa hanyar raƙuma a jikin Jabal Musa. Ya mutu a 1854, fadar ta tsaya rabi, hanyar kuwa ita mafi yawan masu hawa ke bi a yau.

Cikin waɗannan baƙi babu wanda ya bar tabo kamar Constantin Tischendorf, masanin Littafi Mai Tsarki daga Leipzig. A zuwansa na farko, a 1844, ya ga wasu warƙoƙin fata na wani tsohon littafin Girkanci, ya tafi da 43. Ya ce a kwando ya tsince su cikin abin da za a jefa wuta. Ruhubanawa ba su yarda da wannan labari ba, kuma fata ba makamashi ba ce da mai hankali zai hura wuta da ita. Ya dawo a 1853 bai sami sauran ba. A 1859 ya sake dawowa da goyon bayan Sarkin Rasha Alekzanda na biyu, aka nuna masa ragowar, warƙa 347: kwafin Littafi Mai Tsarki da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 4, mai ɗauke da cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa da aka sani. Ya karɓe shi aro, ya sa hannu a takardar alkawarin mayarwa, ya kai shi Rasha. A 1869, bayan gidan ya sha rikicin naɗin shugaba wanda ya sa yana bukatar goyon bayan Rasha, aka sa hannu a takardar kyauta, aka biya rubul 9,000. A 1933 gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Ingila da shi a kan fam 100,000. Yau littafin, wanda ake kira Codex Sinaiticus, a rarrabe yake tsakanin Landan, Leipzig, Sant Pitasbag da Sina'i. Masu kare Tischendorf suna cewa takardar 1869 ta halatta komai, amma kyautar da aka karɓa daga mai rauni bayan kayan sun yi shekara goma da barin hannunsa, da wuya a kira ta kyautar son rai. Takardar aron tana gidan har yanzu. Ba shi kaɗai ba ne kuma, don Porfiri Uspenski, malamin cocin Rasha, ya tafi da wasu tsofaffin alluna da daga baya aka ajiye a Kiyef.

An sami kuma baƙi masu wani hali. A 1892 wasu tagwaye mata 'yan Sikotilan, Agnes Smith Lewis da Margaret Dunlop Gibson, suka yi tafiyar kimanin kwana tara a kan raƙuma kafin su iso. Suna jin Girkancin zamani, abin da ya sa ruhubanawa suka sake da su, Agnes kuma ta koyi Suryananci don wannan tafiya. Aka buɗe musu wani ɗaki mai duhu, suka ga littafin tarihin waliyyai mata wanda a ƙarƙashin rubutunsa akwai wani tsohon rubutu da aka kankare: Linjila huɗu cikin tsohon Suryananci, na ƙarshen ƙarni na 4 ko farkon na 5. Hoto suka ɗauka shafi-shafi, suka bar littafin inda yake, suka yi ta dawowa har suka tsara jerin littattafan Larabci da na Suryananci na gidan. Wannan hanya tasu, a ɗauki hoto a bar littafi, ita ce ta zama ƙa'ida daga baya.

Ɗakin karatun yana da littattafan rubutun hannu kimanin 3,300, ana yawan cewa na Batikan kaɗai ya fi shi a wannan fanni. Mafi yawa na Girkanci ne, sai na Larabci wajen 600, sai Suryananci, Jojiyanci, tsohon harshen cocin Silabawa da na Habasha. Yawan harsunan shaida ce ta ire-iren mutanen da suka zauna ko suka ratsa, kuma tun wajen 570 wani maziyarci daga Piyachenza ta Italiya ya ambaci dattawa uku na gidan da ke jin harsuna da dama. A 1950 wata tawaga ta ɗauki hoton kusan rabin tarin don Laburaren Majalisar Amurka. A 1975, ana gyara bayan wata gobara, aka fasa wani ɗaki da aka manta da shi a jikin bangon arewa, aka tarar da ɗimbin warƙoƙi da gutsattsari, ciki har da warƙa 12 na littafin da Tischendorf ya tafi da shi. A cikinsu ne aka gano rubutu cikin harshen tsohuwar Albaniya ta yankin Kaukasus, harshen da kafin nan kusan babu abin da ya rage nasa sai 'yan gajerun rubuce-rubuce.

Har tsakiyar ƙarni na 20 nisa ke tace baƙi. Isra'ila ta mamaye Sina'i a yaƙin 1967, ta gina ƙaramin filin jirgin sama a kusa, ƙungiyoyin 'yan yawon buɗe ido suka fara zuwa, Jabaliyya da yawa suka bar lambunan kan dutse suka shiga aikin albashi. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya yankin ya koma hannun Masar a Nuwamban 1979, Shugaba Anwar Sadat ya zo da kansa, ya kuma yi niyyar gina masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa a gindin dutsen, abin da bai tabbata ba. Kwalta ta iso, garin Sant Katrin ya girma, bunƙasar otal-otal a Sharm el-Sheikh da Dahab ta mayar da tafiyar ta zama ta awa biyu ko uku a bas. An ayyana yankin a matsayin wurin kare halittu a 1988, Paparoma John Paul na biyu ya ziyarci gidan a Fabrairun 2000, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2002.

Ziyarar yau tsarinta kusan ɗaya ne. Bas ya iso da tsakar dare, a wuce shingen 'yan sanda, a haɗa kowace ƙungiya da ɗan rakiya daga Jabaliyya, wanda hukuma ta wajabta. A bi hanyar Abbas Pasha da tocila, awa biyu da rabi zuwa uku, masu raƙuma suna tallan hawa, rumfunan shayi suna ba da hayar bargo. Raƙumi yana tsayawa kusa da fagen Iliya, sauran matakai 750 sai da ƙafa. A ƙololuwa akwai 'yar majami'a da aka gina a 1934 a kan kufan ta zamanin Justiniyan, da ƙaramin masallaci a gefenta. A jira fitowar rana, a sauko, a bi layi a ƙofar gidan. Cikin masu hawa an daɗe ana ganin Kiristocin Nijeriya masu ziyarar Ƙudus, waɗanda akan haɗa musu Sina'i cikin tafiyar. Gidan yana buɗewa ne sa'o'i kaɗan da safe, yana rufe ranar Lahadi da ranakun idin coci, kuma abin da baƙo ke gani kaɗan ne: gaban majami'a, rijiyar Musa, kurmin, wanda wata ƙaya ce mai yaɗo da ke zubowa daga kan bango, da ɗakin nuna kayan tarihi. Sauran na ruhubanawa ne, waɗanda yawansu bai wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma suna fara ibadarsu tun kafin asuba. Ɗaruruwan mutane cikin awa uku a wannan 'yar tsakar gida nauyi ne a kan ginin da mazauna duka. Amma kuɗin baƙi ke ciyar da garin. An ga haka a 2013 da hukumomi suka rufe gidan na ɗan lokaci saboda tsaro, da bayan faɗuwar jirgin saman Rasha a Sina'i a Oktoban 2015, da bayan harin da aka kai wa shingen 'yan sanda kusa da gidan a Afrilun 2017. Masu raƙuma da masu rakiya ne suka fi jin jiki.

Daga 2021 gwamnatin Masar ta shiga wani babban aiki da ta kira al-Tajalli al-A'azam: otal-otal, gidajen baƙi, sababbin hanyoyi, faɗaɗa filin jirgi, da gine-gine a filin Raha, inda al'ada ta ce Bani Isra'ila suka yi zango. Gwamnati na cewa aikin zai kawo baƙi da ayyukan yi. Kwamitin UNESCO ya nemi a dakata a auna illar a 2023, Jabaliyya kuma sun koka da rushe gidaje da tayar da maƙabarta. Kukan yana da hujja, domin faɗin filin Raha da komai-babunsa suna cikin abin da ake zuwa gani, kuma inda aka zuba siminti ba ya komawa yadda yake. A Mayun 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara a Isma'iliyya ta yanke hukunci cewa ƙasar da gidan da wuraren ibadarsa ke kai mallakar gwamnati ce, ruhubanawa na da haƙƙin amfani da ita. Girka ta nuna damuwa, Alƙahira ta ce matsayin gidan na addini ba zai taɓu ba, gwamnatocin biyu suka shiga tattaunawa. Abin da aka sa kan tebur ya haɗa da lambuna da ƙananan majami'un da ke warwatse a kan duwatsu, da matsayin ruhubanawan kansu a dokar Masar, tunda mafi yawansu Girkawa ne da ke zaune da izinin zama.